Shekara 37 ina shan taba, in na bari yanzu akwai sauran amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a nan Maradi, shekaruna 54, na fara shan taba ina ɗan shekara 17. Kwali guda nake sha a wuni, dala ɗari kullum, in aikin salla ya matso ma ya fi haka. Tari ya kama ni tun hunturun bara, da asuba sai na daɗe ina fitar da kaki, kuma in na taka daga gida zuwa kasuwa sai na tsaya a hanya saboda haki da ciwon sha-raɓa. Sau huɗu ina bari, mafi daɗewa kwana goma sha ɗaya. Wani abokina a fada ya ce wanda ya daɗe yana sha, in ya bari kwatsam ciwo ne zai taso masa, gara in rage zuwa kara uku ko in koma taba gari. Uwargida ta gaji da faɗa. Akwai sauran amfani, ko aikin gama ya gama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai amfani, kuma ba kaɗan ba. Amma kafin maganar bari, akwai abin da bai kamata ya kai mako mai zuwa ba: wannan tarin naka. Duk tarin da ya wuce mako biyu, ƙa'ida ita ce a gwada kaki don a duba tarin fuka, balle wanda ya shekara. Masu shan taba suna da al'adar cewa "ai tarin taba ne", da haka tarin fuka yake ɓuya a cikinsu watanni yana yaɗuwa ga iyali a ɗaki guda. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha saurin kamuwa da shi, kusan ninki biyu. Ka je gidan likita mafi kusa da unguwarku, ka ce kana son gwajin kaki da hoton ƙirji, wanda ake ce wa radiyo, a kuma auna hawan jini da sukari. In tarin fuka ne, maganinsa wata shida ne kuma ana warkewa. In ka taɓa ganin jini a kaki ko da ɗigo ne, ko kana rama ba dalili, ko gumi da dare, ko muryarka ta dushe ta ƙi dawowa, ka faɗi da bakinka tun kafin a tambaye ka. In kuma ƙirji ya taɓa danne ka kamar an aza dutse, ciwon yana sauka hannun hagu ko haɓa, wannan ba na jira ba ne, babban asibiti za a kai ka nan take.

Hakin da kake yi yana da dalili. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da majina zuwa sama. Hayaƙin taba yana kashe musu kuzari, sai datti ya kwana a ƙirji, shi ne kakin da kake fama da shi da asuba. Can ƙasa kuma akwai ƙananan jakunkunan iska masu talewa su dawo. Kai tela ne, ka san robar wando in ta mutu: tana buɗewa amma ba ta komawa. Haka huhun wanda ya daɗe yana sha yake zama, iska ta shiga ta kasa fita duka, mutum ya riƙa haki a tafiyar da da ba ya ko ji. In likita ya tabbatar, za ka ga ya rubuta BPCO a takardarka, wato sunan wannan ciwo na toshewar hanyoyin numfashi a taƙaice da Faransanci. Ba za mu ɓoye maka ba, abin da ya lalace a nan ba ya dawowa. Abin da bari yake yi shi ne tsayar da ɓarnar, huhu ya koma tsufa a hankali kamar na kowa maimakon gudun da yake yi yanzu. Wannan bambancin shi ne tsakanin dattijon da ke takawa masallaci da ƙafarsa da wanda hazon hunturu ke kwantar da shi duk shekara.

Ciwon sha-raɓa ya fi ba mu tsoro fiye da yadda kake zato. Ciwon da ke zuwa in ana tafiya, ya lafa in an tsaya minti biyu ko uku, sau da yawa alama ce jijiyoyin jinin ƙafa sun ƙuntace, naman ba ya samun isasshen jini. Kuma jijiyar ƙafa ba ta toshewa ita kaɗai. Abin da ke faruwa a can yana faruwa a ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, inda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke fitowa. Ka sa likita ya taɓa bugun jini a bayan ƙafarka, ka kuma riƙa duba yatsunka, ƙaramin miki da ya ƙi warkewa a irin wannan ƙafa ba abin wasa ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wannan ƙuntatar jijiya ita ce ke rage wa maza da yawa ƙarfin kusantar iyali, su yi ta kashe kuɗi wajen masu maganin maza alhali dalilin yana cikin aljihun rigarsu.

Maganar ko lokaci ya ƙure, an daɗe da amsa ta. A Birtaniya an bi rayuwar dubban likitoci maza shekara hamsin, daga 1951 zuwa 2001. An ga wanda ya ci gaba da sha yana rasa kusan shekara 10 na rayuwa in an kwatanta shi da wanda bai taɓa sha ba. Wanda ya bari yana da shekara 30 ya ceto kusan duka, mai 40 ya ceto kamar 9, mai 50 kamar 6, mai 60 kamar 3. Kana tsakanin na biyun ƙarshe. Ajali na hannun Allah, wannan ba mai musu, amma lissafin sababi ke nan. Wasu ribobin ma ba sa jira. A cikin hayaƙin akwai iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, tana ƙwace gurbin iskar numfashi a jini. Cikin wuni guda da bari ta sauka. Bayan shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya yana raguwa kusan rabi. Na sankarar huhu ya fi jan lokaci, sai wajen shekara goma yake kai rabi.

Abokinka na fada bai faɗi gaskiya ba, ko da yake mun san inda maganar ta samo asali. Mutane da yawa ba sa bari sai ciwo ya riga ya kama su, in suka kwanta bayan wata biyu sai a ce barin ne ya kayar da su. Sannan wanda ya bari yakan ga tari ya ƙaru a makonnin farko, don gashin nan sun farfaɗo sun kama shara. Barin taba kwatsam yana da wuya, amma ba ya kisa. Rage ta zuwa kara uku kuwa dabara ce mai daɗin ji da ba ta biya. Zuciya ba ta lissafi da kara: an gano mai shan kara ɗaya tak a wuni yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin. Kuma wanda ya rage yakan zuƙa da ƙarfi ya riƙe hayaƙin, ya sha har gindin, jiki ya karɓi abin da ya saba. Taba gari da kanwa ita ma nikotin ce, wato sinadarin taba mai sa mutum ya kasa bari, an dai sauya mata ƙofa, ta bar huhu ta koma kan dasashi da baki da maƙogwaro. Shisha da samari suka ɗauka ado, ruwan da ke cikinta sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya tace guba.

Yanzu ga abin da ya kayar da kai sau huɗu. Ana cewa sabo turken wawa, amma a nan ba wauta ba ce, turaku biyu ne aka ɗaure ka da su. Na farko nikotin: daga zuƙa zuwa ƙwaƙwalwa daƙiƙa goma zuwa ashirin ne, kuma cikin awa biyu rabinta ya bar jini, shi ya sa jiki ke neman wata. Ƙuncin da kake ji ba taba ke maganinsa ba, ita ta haddasa shi, sai ta dawo a matsayin mai ceto. Na biyu hannu da wuri. Kara ashirin, kowane kamar zuƙa goma, zuƙa ɗari biyu ke nan a wuni, sama da dubu saba'in a shekara. Kowace an ɗaura ta da wani abu: gama cin tuwo, kofin shayi na farko, ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, mai kaya ya zo yana faɗa kan ɗinkin da bai gama ba. Masu bari da ƙarfin hali kawai, ba shiri ba magani, cikin ɗari uku zuwa biyar ne ke kai shekara a yunƙuri guda. Yawancin waɗanda ka ga sun bari sun sha faɗuwa kafin nan. Kwana goma sha ɗayan nan da kake rainawa ya nuna ka riga ka ƙetare wuri mafi tsanani, domin wahalar tana kai ƙololuwa a rana ta biyu da ta uku, ta yi ta sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Da wuya a ce jiki ne ya kayar da kai a rana ta goma sha ɗaya. Zauna ka tuna: ina kake, da wa, wa ya miƙo maka? Amsar nan ita ce rabin shirinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa ranar bari cikin mako biyu masu zuwa, kada ta faɗa cikin rububin ɗinkin salla lokacin da kake kwana a shago. Kafin ranar, ɗauki ƴar takarda ka soke cikin kwalin, duk karan da ka kunna ka rubuta lokaci da abin da kake yi. Kwana uku ya isa ka ga cewa biyar ko shida ne masu ƙarfi, sauran hannu ne kawai ke tafiya. Daren ranar, fitar da komai: kwalin da ke aljihu, wanda ke cikin akwatin zare, ashana, gwangwanin toka. A wanke rigunan aiki. Kada ka ajiye kara guda "don gwada kai", wannan karan shi ake sha ranar Laraba da ƙarfe goma na dare. Ka je wajen mai teburin da kake saye, ka biya bashin da ke kanka, ka ce masa gaban mutane ko ka roƙe shi kada ya ba ka. A garin da ake sayar da taba kara-kara a kowace kusurwa, kuma a ba ka bashi, wannan ƴar kunyar da ka ɗora wa kanka tana aiki.

In sha'awar ta taso, tana zuwa kamar guguwa ne, minti uku zuwa biyar ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka cinye waɗannan mintoci. Tashi daga inda kake, sha ruwa a hankali, yi alwala, ja numfashi ta hanci ka sake ta baki sau goma. Baki da hannu suna son abin yi: asuwaki ya fi komai, sai aya, wadda Allah ya hore wa ƙasar Maradi, ko gyaɗa kaɗan. Alewa da lemun kwalba a yi hankali da su, don yawancin masu bari suna ƙara kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko, abinci ya dawo da ɗanɗanonsa.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma a wajenmu yana da muhimmanci: shayi da goro. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikin shayi, kofi da goro. Ranar da ka bari, hanta ta koma tafiyarta, sai adadin da ka saba sha ya yi maka aikin kusan ninki biyu. Zuciya ta riƙa bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, mutum ya ce rashin taba ne, sai ya koma shanta. Rage shayinka rabi tun ranar farko, ka daina shan na farkon nan mai ɗaci, kada ka sha bayan la'asar, goro ma haka. Wannan dalilin ne ya sa in kana shan wani magani kullum, musamman na asma, na sukari ko na taɓin hankali, ka gaya wa likita ka bar taba, wataƙila a gyara maka awo. Fada kuwa, ba mu ce ka yanke zumunci ba. Amma makonni uku na farko ka gaisa a tsaye ka wuce, ko ka zauna wajen da ba a kunnawa. Dokar ƙasa ta 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, sai dai ba ta zama a kan tabarmar fada, kai za ka tsare kanka.

Magani yana taimako, kuma mai shan kwali a wuni shi ya fi cancanta da shi. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata. Kada sunan ya tsorata ka: nikotin ce ke ɗaure mutum, amma kwalta da sauran guba na hayaƙin, sinadarai sama da 7,000 waɗanda kusan 70 cikinsu ke jawo sankara, su ne ke kisa. Ga mai shan fiye da kara goma, tsarin da aka saba shi ne mai miligiram 21 mako shida, mai 14 mako biyu, mai 7 mako biyu. Ana manna sabuwa kowace safiya a busasshiyar fata marar gashi, dantse ko kafaɗa, ana sauya wuri kullum don kada fata ta yi ja. Da zafin Maradi gumi yakan ɓanɓare ta, a danna da tafin hannu daƙiƙa goma, kada a shafa mai a wurin. In tana kawo mafarkai masu yawa a cire kafin kwanciya. Akwai kuma cingam ɗin nikotin, mai miligiram 2 da mai 4. Wanda ke kunna ta farko cikin rabin awa da tashi barci, mai 4 ne nasa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne tauna shi kamar cingam ɗin yara, sai shaƙuwa da tashin zuciya. Ana tauna kaɗan har a ji yaji, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake, har rabin awa, kuma ba a shan shayi ko lemu minti goma sha biyar kafin nan. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai. Kuskure na biyu shi ne yankewa bayan kwana goma don an ji sauƙi.

Na haɗiya kuma sai da takardar likita. Varenicline ana fara shi mako guda kafin ranar bari, a yi mako goma sha biyu, a sha bayan abinci da ruwa cike da kofi saboda tashin zuciya. Yana ninka damar nasara fiye da sau biyu, mai ciwon ƙoda kuma sai an rage masa. Bupropion ba a ba mai farfaɗiya. Cytisine na kwana 25 ne. Tunda kana da alamar ciwon jijiya, kada ka fara ko ɗaya, har filastar, sai likitan da ya duba ka ya sani. A saya a farmasi, in ba su da shi a ajiye a nemi su sa a kawo daga Yamai. Kada ka kusanci na kan tire da na cikin kwali a bakin tasha da ake cewa yana "wanke huhu", babu abin da ke wanke huhu. In kuɗi ne damuwa, yi lissafinka da kanka: dala ɗari a wuni jika goma sha biyar ne a wata, sefa 182,500 a shekara. In kuma maganin bai samu ba sam, shirin da muka zayyana yana tsayawa da ƙafarsa, sai dai makon farko zai fi ɗaci.

Azumi dama ce da ake ɓararwa duk shekara. Mutum ya yi awa goma sha huɗu bai sha ba, nikotin ta kusan ƙarewa a jininsa, ana kiran magariba ya kunna uku a jere kan cikin da ba komai, kai ya yi ta juyawa. In ranarka ta zo kusa da watan, daga buɗa baki ka miƙe zuwa masallaci ba tare da komai a aljihu ba, ka zauna har a gama asham. Amma kada ka ɗaga bari sai azumi in da sauran watanni, ƙafarka ba za ta jira ba.

Kalma biyu ga uwargida, in za ka karanta mata. Hajiya, faɗa bai taɓa raba kowa da taba ba, yana dai koya masa sha a ɓoye. Makonni biyu na farko zai yi saurin fushi, barcinsa zai lalace, wataƙila cikinsa ya ɗaure. Ba halinsa ba ne ya sauya, a ba shi ruwa da kayan ganye, a ƙyale ƙananan maganganu su wuce. In baƙin ciki ya yi masa nauyi ya wuce mako biyu, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, a koma wajen likita da shi. Abin da kike da cikakken iko a kai shi ne ba a kunna taba a ɗaki ko kusa da yara, na gida ko baƙo, domin hayaƙin yana jawo musu ciwon huhu, asma da ciwon kunne.

In ka zame ka sha kara guda, Malam, kada ka ce shi ke nan ka aika yaro ya sayo kwali. Yar da sauran a take, bar filastar a jikinka in kana sa ta, rubuta inda abin ya faru da wanda ya miƙo, ka ci gaba da ƙirga daga inda kake. Ka roƙi ma'aikacin lafiyar da ya duba ka ya sa maka ranakun dawowa: bayan mako guda, bayan wata guda, bayan wata uku. Ka riƙa tafiya kullum har sha-raɓar ta fara ciwo, ka tsaya ta lafa, ka ci gaba, rabin awa aƙalla sau uku a mako in likita ya yarda, da haka ƙafa ke buɗe wa kanta ƙananan hanyoyin jini. Ka lura da inda kake tsayawa hutu yau a hanyar kasuwa, ƙofar wa ce ko gindin wace bishiya, ka gaya wa likita wurin, bayan wata uku ku sake aunawa daga nan.